Garin kwalba a madadin siminti: yadda yake aiki, da inda haɗarin yake

Makonni kaɗan da suka wuce yayana ya turo mini wani gajeren bidiyo ta WhatsApp. An nuna gada, an nuna tulin fasassun kwalabe, wata murya kuma tana cewa Turawa sun gano hanyar gini da kwalba maimakon siminti. Shi kuwa yana tsakiyar gini ne, ya kai linta, kuɗin siminti ya sha masa kai. Saƙon da ya biyo bayan bidiyon gajere ne: "Kai da kake kwana a gaban kwamfuta, duba mana wannan. In da gaske ne in sa yara su fara tara mini kwalabe."

Aikina rubuta manhaja ne, amma na saba da zama in bi abu tun daga tushe har in gane shi, don haka na ɗauki 'yan kwanaki a kan batun. Bidiyon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai gadar, akwai kamfanonin da ke sayar da garin kwalba ga masu kwaɓa kankare, har ƙa'ida an rubuta masa. Abin da bidiyon ya tsallake shi ne abin da zai iya jawo wa mutum asara: kwalbar da ke ƙara wa kankare ƙarfi idan an niƙa ta lilis, ita ce kuma ke tsattsaga shi daga ciki idan an bar ta da girman yashi ko tsakuwa. Laushin niƙan shi ne komai.

Me ya sa ake neman rage siminti

A wajenmu dalilin aljihu ne. A ƙasashen da suka fara wannan bincike akwai dalili na biyu, wato hayaƙi. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a cikin wani dogon murhu mai juyawa, a zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ke fitowa 'yan dunƙule-dunƙule ne da ake kira kilinka, su ake niƙawa da ɗan jifsam a zuba a buhu. Gasawar tana cin makamashi mai yawa, amma ba nan ne babbar matsalar ba. Shi kansa dutsen, idan ya ji wuta, rabuwa yake yi ya saki iskar kabon da ke ɗaure a jikinsa. Fiye da rabin iskar da masana'antar siminti ke fitarwa daga dutsen take zuwa, ba daga man da aka ƙona ba, don haka ko da hasken rana za ka gasa shi sai ta fita. Duniya na yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, kuma wannan sana'a ita kaɗai ce ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da 'yan Adam ke saki.

Hanya mafi sauƙi ta rage wannan ita ce a rage kilinka a cikin kwaɓin, a cike gurbin da wani abu da ba ya buƙatar gasawa. An daɗe ana yin haka da tokar tashoshin lantarki masu ƙona kwal, da kuma kashin ƙarfe na masana'antun narka tama. To yanzu a Turai da Amurka ana ta rufe tashoshin kwal, tokar ta fara wuyar samu, shi ya sa ido ya koma kan kwalabe.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓi

Mutane da yawa suna ɗauka siminti bushewa yake yi. Ba haka ba ne. Haɗuwa yake yi da ruwa, su zama wani sabon abu. Wannan haɗuwa tana haifar da abubuwa biyu da suka shafi maganarmu. Na farko wani danƙo ne da masana ke kira C-S-H, shi ne ke riƙe yashi da tsakuwa, shi ne ƙarfin kankare. Na biyu jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce, irin wadda ake shafa wa bango. Tana da yawa a cikin simintin da ya kama, tana kai kusan ɗaya cikin biyar, amma ba ta ƙara wani ƙarfi na kirki, kuma ruwa yana iya wanke ta a hankali.

A nan kwalba ke shigowa. Kwalbar lemo ko gilashin taga, sama da kashi 70 cikin 100 nata silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi. Sauran kuwa sinadarin sodiyam ne, ɗan'uwan kanwar da muke sawa a tuwo, wajen kashi 13, da farar ƙasa wajen kashi 10. Za ka iya tambaya: in dai silika ce, ai yashin da ake kwaɓawa da shi ma silika ne, me ya hana shi yin wannan aiki? Amsar tana cikin tsarin ƙwayoyin. A cikin yashi ƙwayoyin silika a jere suke, kowace a mazauninta, ɗaure tamau, da wuya wani sinadari ya ɓanɓare su. A cikin gilashi kuwa an narka su ne aka sanyaya da sauri kafin su samu damar jeruwa, sai suka daskare a hargitse. Abin da ke hargitse ya fi sauƙin kwancewa. Ruwan da ke cikin kankare yana da kaifin kanwa sosai, yana iya narkar da fatar ƙwayar gilashi, silikar da ta fito ta haɗu da waccan farar ƙasa da ke zaune ba aiki, su zama ƙarin danƙon C-S-H. Ka ga an mayar da abu mai rauni ya zama mai ƙarfi, kuma sabon danƙon yana toshe ƙananan ramukan da ruwa da gishiri ke bi su kai ga rodi.

Duk abin da ke da wannan hali ana kiransa fozolan, kuma sunan tsoho ne. Ya samo asali daga garin Pozzuoli kusa da Naples a Italiya, inda Rumawa suke ɗebo tokar dutse mai aman wuta su haɗa da farar ƙasa. Ƙubbar ginin Pantheon da ke birnin Rum, mai faɗin mita 43, da irin wannan kwaɓi aka zuba ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, babu rodi ko ɗaya a ciki, kuma tana nan tsaye. Tokar dutsen ita ma gilashi ce, wanda Allah ya narka ya sanyaya. Wato garin kwalba sabon kaya ne a kan tsohuwar dabara.

A lura da abu ɗaya: garin kwalba shi kaɗai ba ya kamawa. Ka kwaɓa shi da ruwa ka ajiye, gobe ka tarar da taɓo. Yana jiran siminti ya fara samar da farar ƙasa ne kafin ya yi nasa aikin. Shi ya sa ba a maganar maye siminti gaba ɗaya, sai wani kaso, galibi 10 zuwa 20 cikin 100, wasu ayyukan har 30. In aka zarce, farar ƙasar ba za ta ishe shi ba, ragowar garin ya zauna kamar ƙura. Ban da haka, wannan farar ƙasa tana cikin abubuwan da ke kare rodi daga tsatsa, ba a so a cinye ta ƙarƙaf.

Cutar da ke ɓoye

A shekarar 1940 wani injiniyan hukumar hanyoyi ta jihar Kalifoniya, Thomas Stanton, ya bayyana dalilin da ya sa wasu tituna da gadoji suke tsattsagewa 'yan shekaru bayan an gina su, alhali an bi ƙa'ida wajen kwaɓi. Ya gano cewa wasu irin tsakuwa suna da silika mai sauƙin narkewa, kuma sinadaran kanwa da ke cikin siminti suna cin ta. Abin da ke fitowa wani danƙo ne daban, mai shan ruwa yana kumbura, kamar garin rogo da aka jiƙa. Kankare ba ya miƙewa, don haka in abu ya kumbura a cikinsa sai ya tsage. Za ka ga tsaga ta bazu a jikin ginin kamar ƙasar fadama a watan bazara.

Ba ƙaramar cuta ba ce. Madatsar ruwa ta Mactaquac a gabashin Kanada, wadda aka kammala a 1968 da niyyar ta yi shekara 100, kankarenta ya yi ta kumbura saboda tsakuwar da aka yi amfani da ita, har sai da injiniyoyi suka riƙa yanka tsaga a jikinta da zarton waya don kumburin ya samu wurin tafiya. Kuma in cutar ta fara ba ta da magani, sai dai a rage mata ruwa a jinkirta ta.

To gilashi yana cikin abubuwan da suka fi kowa kamuwa da ita, domin yana ɗauke da silika mai narkewa, ga kuma kanwa a jikinsa. Tun shekarun 1960 da 1970 aka gwada zuba fasassun kwalabe a matsayin tsakuwa, sakamakon bai yi kyau ba. A shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York, ƙarƙashin Christian Meyer, suka bi abin daki-daki, suna canza girman ƙwayar. Kumburin ya fi muni idan ƙwayar tana wajen milimita 1 zuwa 2, wato girman yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Da aka ci gaba da niƙawa sai kumburin ya riƙa raguwa har ya ɓace. Sun kuma lura koriyar kwalba ba ta kumbura kamar fara, abin da aka danganta da sinadarin kuromiyam da ke ba ta launi.

Me ya sa haka? Ƙwaya mai laushi tana narkewa da wuri, a cikin farar ƙasa mai yawa, sai ta zama danƙo mai ƙarfi wanda ba ya kumbura, har ma ya kama wani ɓangare na kanwar ya riƙe. Babbar ƙwaya kuwa, lokacin da aka fasa ta ta samu 'yan tsaga a cikinta waɗanda ido ba ya gani. Ruwan kanwa yana shiga cikinsu inda farar ƙasa ba ta isa sosai, sai danƙo mai kumburi ya taru a can, yana turo ƙwayar daga ciki shekara da shekaru. Abin mamakin shi ne, garin da ya yi laushi sosai yana iya rage wa kankare wannan cuta, duk da cewa saboda kanwar da ke jikinsa dole a gwada shi da tsakuwar da za a yi aikin da ita.

Laushin da ake magana ba irin na garin tuwo ba ne. Ana so kusan duka garin ya wuce ta rariya mai ƙofar maikiromita 45. Gashin kan mutum yana wajen maikiromita 70. Turmi da taɓarya ba za su kai ka nan ba, injin niƙan hatsi ma haka, sai dai ka lalata wa mai injin haƙoransa. Ana amfani ne da injin ganga mai juyawa cike da ƙwallayen ƙarfe, irin na masana'antar siminti.

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya yi kama da matsalar da duk mai rubuta manhaja ya fi tsoro. Kuskuren da ke rushe manhaja nan take abu ne mai sauƙi, ka gan shi ka gyara. Mai ban tsoro shi ne wanda ya tsallake duk gwaji, ya yi shiru, sai bayan mutane sun zuba bayanansu na shekaru ya fito. Bulon da aka zuba wa dakakkiyar kwalba zai kama, zai yi nauyi, ka buga shi ya yi ƙara. Ko an kai shi ɗakin gwaji a kwana 28 zai iya ba da lamba mai kyau. Cutar sai bayan damina da yawa take nuna kanta. Shi ya sa gwajin ta daban ne: akwai na gaggawa, inda ake jiƙa sandar kwaɓi a ruwan kanwa mai zafin digiri 80 na kwana 14 ana auna tsawonta, akwai kuma na haƙuri da ke ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu.

Gadar da ke cikin bidiyon

Inda aka fi yin nisa a wannan aiki shi ne lardin Kwibek na Kanada. A can hukumar gwamnati ce ke sayar da giya, kuma kwalabenta suna taruwa ba adadi. A 2004 hukumar ta fara ɗaukar nauyin bincike a Jami'ar Sherbrooke, ƙarƙashin Farfesa Arezki Tagnit-Hamou. Ba da gada suka fara ba. Sun fara da daɓen shaguna da hanyoyin masu tafiya a ƙasa, wuraren da in an samu matsala babu wanda rufi zai faɗo wa, suna komawa suna ɗibar samfur. A 2018 ƙa'idar siminti ta Kanada ta amince da garin gilashi, a 2020 kuma hukumar ASTM ta Amurka ta fitar da tata mai lamba C1866. Sai bayan nan birnin Montreal ya gina tagwayen gadojin Darwin, aka kammala a 2021, inda garin gilashi ya maye kashi 10 cikin 100 na simintin. An yi amfani da kimanin kwalabe 70,000, aka rage siminti wajen tan 40.

Kashi 10 ne fa, bayan bincike na shekara goma sha. Kashi 90 na abin da ke riƙe gadar siminti ne da dangoginsa.

A Amurka ma akwai masu sayar da shi, misali Pozzotive da ake niƙawa a jihar Connecticut. Kasuwar ta yiwu a can ne saboda yadda suke tara shara. Kusan ɗaya cikin uku kawai na gilashinsu ake sake sarrafawa. A wurare da yawa ana zuba kwalba da takarda da roba a mazubi ɗaya, kwalaben su farfashe, launuka su cakuɗe. Mai narka kwalba ba ya son wannan, domin ba za ka yi farar kwalba da koren gutsure ba. Siminti kuwa bai damu da launi ba. Amma ya damu da datti. Sukarin da ya rage a kwalbar lemo yana hana siminti kamawa da wuri, ko kaɗan ne. Gutsuren marfin alminiyam yana fitar da iska a cikin kwaɓi ya bar ramuka. Don haka sai an wanke, an busar, an tsince. Ba kowane gilashi ba ne kuma: na tsohuwar talabijin mai ƙeya yana da darma, dogon ƙwan lantarki yana da zaiba, fuskar waya kuma haɗinta daban ne da na kwalba.

Idan aka kawo lissafin gida

Mu ɗauki kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, mai cin siminti kilo 350, wato buhu 7. Kashi 20 na wannan kilo 70 ne, bai kai buhu ɗaya da rabi ba. Da lissafin gadar Montreal, buhu ɗaya na garin yana cin kwalabe kusan 90, kuma nasu manya ne masu nauyi. Sai ka ɗora kuɗin tarawa, wanki, da wutar niƙa. Gilashi yana da tauri, in da janareta za a niƙa shi ribar tana iya ƙarewa a kuɗin gas.

Sannan kwalba a wajenmu ba shara ba ce kamar a Kanada. Ta lemo komawa take kamfani a sake cika ta. Wadda ba ta koma ba ta zama ta gyaɗa, ta zuma, ta man ja, ta turare. Wadda ta fashe an kafa ta a kan katanga. A Bida kuwa masu sana'ar Masaga sun daɗe suna narka tsofaffin kwalabe su yi tsakiya da awarwaro. Kwalbar da aka wanke aka sake amfani da ita ta fi wadda aka niƙa amfani nesa ba kusa ba, kuma a nan mun riga su. Gilashin da ke zube da gaske shi ne gutsuren shagunan masu haɗa tagogi, da kwalaben da ba a mayarwa. Nan gaba za a samu ƙari daga allunan sola da suka mutu, don mafi yawan nauyinsu gilashi ne.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka fi waɗannan muhimmanci. Na farko, yawancin simintin da ke kasuwarmu an riga an cakuɗa shi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa tun daga masana'anta. Duba jikin buhu, in ka ga CEM II to haka ne, kuma a wani nau'in kason yana iya kaiwa 35 cikin 100. Kilinkar da ke ciki ta riga ta ragu. Ka ɗebe kashi 20 na kanka daga wannan, a ƙasar da wasu masu buga bulo dama suke jan buhu ɗaya fiye da kima, ka san inda aka dosa.

Na biyu shi ne ban ruwa. Garin gilashi yana aiki a hankali. A kwana 7, har ma a kwana 28, kankarensa yakan kasa na tsantsar siminti ƙarfi, sai wajen wata biyu zuwa uku yake kamo shi, wani lokaci ya wuce. Duk tsawon nan yana buƙatar danshi. Zafinmu yana taimaka masa ya yi sauri, amma in ruwan ya tsere aikin ya tsaya cak. Ka tuna yadda ake yi a wuraren gini da yawa lokacin hunturu: a watsa ruwa kwana biyu ko uku, a cire katako da wuri don ana jiransa a wani wurin. Kwaɓin da ke da fozolan ba ya yafe wannan.

A ganina, in za a yi wannan sana'a a Arewa, wurinta shi ne ƙaramar masana'anta mai injin niƙa na gaske da rariyar gwaji, tana aiki da sashen injiniyan gini na wata jami'a, ta fara da bulon daɓe da dutsen gefen titi kamar yadda mutanen Kwibek suka fara. Kuma ba lallai kwalba ce ta fi dacewa da mu ba. Ɓuntun shinkafa da ke tule a bayan injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa, in aka ƙona shi a zafin da bai wuce kima ba, tokarsa tana da silika mai narkewa fiye da kashi 80, kuma ta fi gilashi sauƙin niƙa. Gasasshen yumɓu ma haka, shi ne ginshiƙin sabon simintin da ake kira LC3.

Na kira yayana na yi masa wannan bayani a taƙaice. Na ce, "Yaya, kada a zuba kwalba a fila ko linta ko dakin, ko an daka ta. In ana so a rage asara, a auna yashi da tsakuwa da kwano ɗaya, kada a cika ruwa a kwaɓi, a rufe da buhunan da aka jiƙa a yi ta ban ruwa aƙalla mako guda." Ya yi shiru, sannan ya ce yaran har sun tara kusan buhu biyu. Sai aka sayar wa mai gyaɗa masu lafiyar, fasassun kuma suna jiran katanga.